Gwangwanin da Ke Ji wa Amarya

Mai Rediyo yana da shago a ƙarƙashin matakalar wani bene, wurin da in baƙo ya miƙe da sauri sai ƙeyarsa ta gaisa da siminti. Shi bai taɓa bugewa ba, don bayansa ya daɗe da ɗaukar siffar wurin. Mutane sun rage kawo rediyo, sai fanka da fitila mai caji, amma sunan ya bi shi. A kan kantarsa akwai kwalabe cike da 'yan ƙananan abubuwan da ya ciro daga cikin matattun rediyoyi. In aka tambaye shi amfanin wannan tarkace, sai ya ce ba su mutu ba, aikin yi kawai suka rasa.

Matarsa, wadda har yau yake kira Amarya ko da yake kanta ya yi fari fat, kunnenta ne ya fara tafiya. Tsuntsaye suka fara ɓace mata. Daga nan tafasar ruwa, daga nan ƙwanƙwasa ƙofa. Daga ƙarshe sai muryar mijin, wanda dama mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa. Ya gwada ɗaga murya, sai ya tarar akwai maganar da in an ɗaga ta sai ta koma faɗa. Mutum ba ya yin ihu ya ce wa matarsa yau ya ga ƙadangare mai wutsiya biyu a bakin shago. Sai ya haɗiye, hirarsu ta koma nuni da hannu.

Ranar da tukunya ta ƙone, tana ɗaki tana ninke wanki. Maƙwabta suka yi ta dukan ƙofa har hayaƙi ya fara fita ta taga, ba ta ji ba. Washegari 'yarsu Auta, ma'aikaciyar jinya ce a wani gari, ta iso da fuska a ɗaure.

"Baba, zan tafi da Inna. Kai kana shago wuni guda, ita tana nan ita kaɗai. Jiya tukunya ce, gobe fa?"

"To ni kuma wa zan dinga yi wa surutu?"

"Ai ko yanzu ba jin ka take ba."

Wannan ta soke shi, don gaskiya ce. Auta ta taɓa kawo mata na'urar ji daga asibiti, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar wake. Yatsun Amarya sun yi tauri, ba ta iya juya ta, kullum sai ta faɗi a bi ta da tsintsiya, har ta gaji ta ajiye.

"Ba ni zuwa ƙarshen wata," in ji shi. "Zan yi mata kunne da hannuna, babba, wanda za ta iya riƙewa. In kin dawo ba ta ji ki ba, ni zan ɗaukar miki jakarta."

Auta ta dube shi, ta dubi uwarta da ke kallon bakinsu tana murmushin wanda bai san me ake cewa ba. Ta ce, "Ƙarshen wata, Baba. Ba na ƙara ko kwana."

Ya samo wani gwangwanin alewa mai faɗi, ya huda murfin ya dasa ɗan makirufo, ya jawo siririyar waya zuwa abin sawa a kunne. Ya sa maɓalli babba kamar na riga, wanda ko makaho zai laluba. Saura zuciyar abin, wato transista, wanda zai ɗauki ƙaramar murya ya mai da ita babba. Ya juye kwalba guda a kan tebur yana tonawa da yatsa, har ya sami wanda yake nema: tsoho irin na da, mai hular ƙarfe da ƙafa uku dogaye, kamar gizo-gizon da aka rage wa ƙafafu.

Abokinsa Ticha, tsohon malamin kimiyya da ya yi ritaya, yana zaune a bakin shago kamar kullum, ƙafa ɗaya a rana ɗaya a inuwa.

"Wannan kakan naka za ka sa?" in ji Ticha. "Ga aisi nan an yi shi don irin wannan aiki, ɗan baƙin abu, transista tuli a cikinsa, kowa ya san aikinsa."

"Waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba? Su zan ba amanar kunnen matata?"

"Kai da matar taka da abin, duk an daina yayinku."

"Shi ya sa za mu fahimci juna."

Mai Rediyo bai yi nisa a makaranta ba, amma yana da nasa bayanin. A wurinsa transista mai gadi ne a bakin ƙofa. Ka raɗa masa 'yar wuta kaɗan ta ƙafar tsakiya, sai ya buɗe wa babbar wuta hanya daidai gwargwadon raɗar. Ka ƙara, ya ƙara buɗewa, ka rage, ya turo ƙofa. A wannan kai da komowar murya ke zaune. Amma in ƙofa ta buɗe har ta daki bango, shi ke nan, ko ka raɗa ko ka yi kururuwa wutar da ke wucewa ɗaya ce, ba ta ƙaruwa. Wannan shi yake kira ƙoshi. Ticha ya ce littafi ma abin da ya faɗa ke nan, sai dai littafi bai san mai gadi ba.

Da ya gama haɗawa, washegari da sassafe ya gwada mata. Ya sa mata abin a kunne, ya ajiye gwangwanin a tafin hannunta, ya danna maɓalli. Ta kasa kunne, idonta na yawo a ɗakin kamar mai bin ƙuda.

"Malam, wa ke huci haka?"

"Ni ne."

"Da ma haka kake numfashi? Kamar mai hawan dutse!"

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ta ce ya sake dariyar, ta manta yadda take. Kafin ya fita ya riƙe hannunta da gwangwanin ya ce, "Ki lallaɓa shi, Amarya. Wanda ke ciki tsoho ne, ya girmi Auta nesa ba kusa ba."

"Bar ni da shi," in ji ta. "Ai na saba da renon tsoho."

Kwanakin farko yana tafiya shago kamar wanda aka rage wa shekaru. Sai dai ya fara lura da wani abu. Da safe hira lafiya lau. In ya dawo da yamma ya ce, "Kin sha maganinki?" sai ta ce, "Amin, amin." Ya ce, "Ticha yana gaishe ki," ta ce, "Yana kan tebur, na rufe maka." Wayar tana nan a kunnenta, ta gangara ta shige wuyan riga, ita kuma tana ta gyaɗa kai.

Ya karɓi gwangwanin washegari ya tafi da shi shago. Ya sa a kunnensa, ya ji tafiyar mutane a kan matakala kamar ana daka. Ya ɗora mitar auna wuta, allurarta ta tsaya inda ya kamata. Ya canza batir duk da haka, ya sake bin kowace mahaɗa da dalma. Ya mayar mata. Da yamma ya ce, "Amarya, yau an kawo mini fankar da ke juyawa da baya." Ta ce, "Allah ya jiƙansa."

"Ƙila wutar ce ta yi masa kaɗan," ya ce wa Ticha. "Kunnen nata yana son fiye da haka."

"To ƙara masa abinci mana."

Sai ya cire resista guda, ɗan abin nan mai zobban launi da ke rage wutar da ke zuwa ƙafar tsakiya, ya sa wanda ya fi shi sakin hannu. A kan tebur murya ta fito da ƙarfi. A gida kuwa abin ya ƙara lalacewa. Ran da ya dawo cin abincin rana ya yi sallama a bakin ƙofa har ya gaji, tana tsaye gaban murhu ta ba shi baya.

Ya koma shago bai ci abin kirki ba. Ya zauna yana juya ƙarfen narka dalma a hannu, ba ya liƙa komai. Gwangwani lafiyarsa ƙalau, ya gwada ya sake gwadawa. Ke nan kunnen ne ke ƙarasa rufewa, kuma babu kwalbar da ke da maganin wannan. Ya fara tunanin gidan in ta tafi: kofi ɗaya a kan tire, da gefen gadon da ba zai lotsa ba. Ticha ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskarsa, ya mayar da bakin ya rufe.

Bai gaya mata ba. In ta ba da amsar da ba ita ba, sai ya gyaɗa kai kamar daidai ne. Ita ma ba ta gaya masa komai ba. Kullum da safe sai ta ce, "Malam, wannan abu naka sai godiya."

Da ƙarshen wata ya yi, Auta ta zo da rana tsaka, riƙe da jaka babba wadda ba komai a cikinta. Bayan an gaisa an sha ruwa, ta zagaya bayan kujerar uwar, inda ba a ganin bakinta.

"Inna, me kika ci da safe?"

Amarya ta ƙura wa mijinta ido, tana neman amsa a fuskarsa. Shi kuma ya sunkuyar da kai.

"Inna!"

"Lafiya lau," in ji Amarya da fara'a. "Ya yaran?"

Auta ta dafa kafaɗar uwar, ta shiga ɗaki, aka fara jin buɗe durowa. Amarya ta ga jakar ta wuce, ta gane. Ta dubi mijinta ta ce, da muryar nan mai ƙarfi ta wanda ba ya jin kansa, "Na yi ƙoƙari, Malam. Ban so ka ji kunya ba."

Ya matso ya nuna kunnensa, ya miƙa hannu, alamar ta ba shi abin. So yake ya ajiye shi inda ba zai riƙa gani ba. Kullum in ya nema, takan shiga ɗaki ta fito masa da shi. Yau Auta na ɗakin, sai Amarya ta juya gefe, ta sa hannu cikin riga, ta kunce wata igiya, ta zaro.

Ba gwangwani ya gani ba. Wata 'yar jaka ce mai kauri, an ɗinka ta da tsohuwar rigar sanyinsa mai ruwan toka, an cusa auduga ta ko'ina, an bar 'yar ƙofa daidai bakin makirufo. Ɗinkin ya karkace, irin na yatsun da suka yi tauri. Ya karɓa, sai ya ji ta da ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi daga kai yanzu. Ya zaro gwangwanin. Ƙarfen ya fi jakar zafi.

"Mene ne wannan?" ya yi tambaya da hannu.

"Rigarsa ce. Ba kai ka ce tsoho ne ba? Tsoho ba ya son sanyi, ba ya son bugu. A ƙirjina nake ajiye shi. Na ɓoye ne don na san za ka yi mini dariya." Ta share ido da gefen mayafi. "Da safe yana ji. In na kama aiki, na tsaya gaban murhu, sai murya ta fara shaƙewa, ta tafi. Na ce kunnena ne ke gajiya."

Mai Rediyo ya tsaya da gwangwani a hannu, bakinsa a buɗe. Wani abu ya faɗo masa wanda ya sani tun yana saurayi: rediyoyin da, in an bar su a rana, sai su fara magana kamar mai mura, in an kai su inuwa su warke.

"Auta! Ajiye kayan nan, kawo mini kwalbar ruwa daga firiji!"

Ta fito da zanin uwar a hannu. "Baba, don Allah kar mu sake."

"Taɓa ki ji."

Ta taɓa da bayan yatsu, yadda take taɓa goshin mara lafiya. "Da zafi."

"Irin wannan tsohon transista yana yoyo. Ko ba a raɗa masa komai ba, akwai 'yar wuta da ke silalewa ta cikinsa, kaɗan ce, ba a damuwa da ita. Amma zafi ne abincinta. Ya ɗan ƙaru ta ninka, ya sake ƙaruwa ta sake ninkawa. Ita ke tura ƙofa har ta daki bango. In ya ƙoshi da wannan, ina zai sa muryarki? Ni kuma da wautata na je na ƙara masa."

"Zazzaɓi ke nan," in ji Auta a hankali.

"Zazzaɓi! Uwarki ta rufa masa bargo."

Suka jingina gwangwanin da kwalbar sanyi a kan tebur. Ya mayar wa Amarya abin kunne. Tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, ba ta san me ake ciki ba. Raɓa ta fara tsattsafowa a jikin kwalba. Auta ta ja numfashi, ta ce ƙasa-ƙasa, "Baba, kai da wannan taurin kan naka, ban san wanda ya fi wani ba tsakaninka da ita."

"Shi ya fi," in ji Amarya.

Zanin ya faɗi daga hannun Auta. Ta rufe baki, tana dariya hawaye na zuba. Mai Rediyo ya nemi kujera.

Amma Auta ma'aikaciyar jinya ce, ba ta sallamar mara lafiya don ya yi murmushi sau ɗaya. Ta goge fuska ta ce, "To na gani. Amma Inna ba za ta riƙa yawo da kwalbar firiji ba. Gobe akwai rana, akwai murhu. Abin da zai yi shiru daidai lokacin da tukunya ke kan wuta, ni ban yarda da shi ba."

Ya buɗe murfin ya dubi tsohon, da hularsa ta ƙarfe, yana tsaye a kan ƙafafunsa uku. Ya daɗe yana kallo.

"Gaskiyarki," in ji shi. "Ya yi iyakar yinsa."

Ya tafi shago ya dawo da kayan aiki da wani sabon transista, ɗan baƙi mara kyan gani da ya ciro daga fitila mai caji, irin na yanzu wanda yoyonsa bai taka kara ya karya ba. A kan teburin cin abinci aka yi aikin. Auta ta karɓi ɗan hantsaki ta riƙe masa ƙafafun abin cak, ko motsi babu.

"Ashe kin iya."

"Baba, jijiyar jarirai nake nema da allura."

Ya daidaita wutar ƙafar tsakiya yadda sabon ke so, ya ƙara resista a ƙafar ƙasa, wanda in wuta ta so yin yawa zai ja mata birki. Amarya na zaune tana kallo. Da ya ciro tsohon ya rasa inda zai ajiye shi, sai ta miƙa tafin hannu, ya sa mata.

"Yanzu mayar da shi cikin rigarsa," in ji Auta. "Inna, sa shi inda kika saba. Ki ɗora mana shayi, ki tsaya nan gaban wuta."

Suka zauna suna jira, uba da 'ya, ba mai kallon wani. Ruwa ya yi zafi, ɗakin girki ya ɗauki ɗumi. Can Amarya ta ce daga ciki, "Ya tafasa, ina jin sa." Auta ba ta gamsu ba, ta bar ta ta wanke kofuna, ta soya abin da za a ci, ta yi ta kai da komo. Sai da gumi ya jiƙa wuyan rigar uwar sannan ta je ta tsaya a bayanta.

"Inna," ta ce, da muryar da ko uban bai ji sosai ba, "kina so ki bi ni?"

Amarya ba ta juyo ba. Ta ci gaba da juya cokali.

"Ina son ki, Auta. Amma in na tafi wa zai hana wannan mutumin fita da riga a bai-bai?"

Auta ta kwantar da goshi a bayan uwarta, ta ɗan jima a haka. Da ta ɗago sai ta koma ma'aikaciyar jinya. Wata mai zuwa za ta zo ta kai ta wurin likitan kunne, ba musu. Batir na ajiya ya zauna a gida. Baba ya riƙa dawowa cin abincin rana, ba aika yaro ba, shi da kansa. Ya amsa duka da "to", har da waɗanda ba ta faɗa ba. Ta mayar da zannuwan cikin durowa, ta ninke jakar ta matse a hammata, ta tafi kafin motar yamma ta wuce ta.

Suka rage su biyu a tsakar ɗaki. Ya jawo kujerarsa kusa da tata. Ya daɗe yana tara maganganun da zai gaya mata in wannan rana ta zo, yana jera su a ransa a hanyar shago. Yanzu ya laluba, ya rasa ko ɗaya. Ya gyara murya, ya sassauta ta yadda ya saba tun da can.

"Amarya."

"Na'am, Malam."

"Akwai sauran shayi?"

Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa.

"Wata guda kana ƙona yatsu don in ji wannan?"

Ta tashi ta ɗauko butar.